Kawu da Koren Zare

Kawuna tela ne, yayan mahaifiyata, kuma a layinmu har yara ba su san shi da wani suna ba sai Gobe-da-safe. Shi ya jawo wa kansa. Ka kai masa yadi yau, zai auna ka, ya shafa yadin, ya yaba ko ya kushe, sannan ya ce, "Ka dawo gobe da safe." In ka dawo, ya dube ka ta saman tabarau kamar bai taɓa ganinka ba, ya ce, "Ai saura kaɗan. Gobe da safe." Akwai maƙwabcinmu da ke rantsuwa cewa ya kai ɗinkin wandon ɗansa yaron yana rarrafe, ya karɓo bayan yaron ya shiga makaranta. Ƙarya yake yi, amma bai yi nisa da gaskiya sosai ba.

Abin da ya hana mutane gudunsa shi ne hannunsa. In Kawu ya ɗinke maka yaga, ko kai da ka yaga rigar sai ka yi ta juya ta kana neman wurin. Kuma yana da wata cuta da babu asibitin da ke maganinta: ba ya iya ganin abu a yage ya kawar da kai. Ya sha tare mutumin da bai sani ba a ƙofar shago, ya ce, "Bawan Allah, ɗan tsaya, aljihunka ya farke." In zare ya leƙo a kafaɗarka kana yi masa magana, to ka huta, ba ya jin ka. Idonsa na kan zaren, hannunsa na laluben almakashi.

Shagon ɗaki ɗaya ne mai taga ɗaya da ke kallon titi. Akwai baƙin keken ɗinki irin na takawa da ƙafa, da teburin yanka wanda alli ya cinye fentinsa, da benci, da ƙusoshi a bango ɗauke da kayan mutanen da ke jiran gobe. A ƙuryar shagon akwai labule, bayansa kuma ɗakunan da Kawu ya rayu a ciki da matarsa, wadda duk muke kira Inna. Labulen nan ita ta kalmashe bakinsa da hannunta wata rana da ta gaji da jiransa, kuma ya karkace har makaho ma zai gane. Shi ne kaɗai karkataccen ɗinki da na san Kawu ya bari a duniya. Tun tana raye yake cewa zai gyara. Bayan ta rasu sai ya daina cewa.

Rasuwar Inna ce ta tona masa asiri. Ashe mutumin nan bai san lokacin cin abinci ba, bai san inda ake ajiye maganinsa na hawan jini ba, bai ma san ana jin ƙishirwa ba sai an miƙo masa kofi. Wata rana da tsakar rana abokinsa Direba, tsohon direban babbar mota wanda tun da ya ajiye aiki ya mai da bencin Kawu ofishinsa, ya shigo ya same shi kife a kan keke, goshinsa a kan wandon wani.

A asibiti aka ce babu abin da ya kayar da shi sai rashin shan magani da rashin shan ruwa. 'Yarsa tilo nas ce. Ni ina kiranta Yaya, shi kuwa tun ranar da ta shiga makarantar koyon aikin jinya yake ce mata Likita, ya ƙara mata girma ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Ta tsaya a kansa da kwalbar maganin a hannu, cike fal kamar ranar da aka saya.

"Baba, wannan fa?"

"Ai zan sha," in ji shi.

"Yaushe?"

Ya buɗe baki, ya ga idonta, ya rufe. Mun san abin da ya so faɗa.

Yaya ba ta da wasa a kan irin wannan. Ta ce magana ta ƙare, zai koma gidanta, can saman bene a ɗaya gefen gari, ta riga ta share masa ɗaki. Kawu ya ce me zai yi a saman bene, ya zauna yana ƙirga rufin mutane? Ta ce zai huta. Ya ce wanda ya gaji shi ke hutawa. Suka yi ta ja, ita da hujja, shi da gardama. Ni da nake gefe na ga abin da ita ba ta gani ba saboda fushi: tsoro yake ji. Idonsa na ta komawa kan hannuwansa, kamar an ce masa za a karɓe su a ajiye a wani wuri.

Ana cikin haka aka tura Yaya wani kwas na watanni a nesa. Kafin ta tafi sai ga ta a shago rungume da tukunyar fulawa. Shuka ce irin ta cikin ɗaki, mai ganye fala-fala kore shar, kowanne kamar tafin hannun babban mutum, mai sheƙi kamar an shafa masa mai. Ta dire ta kusa da taga, inda haske ke shigowa amma rana ba ta dukan wurin, ta ajiye kwalbar magani a gindinta.

"Baba, ga sharaɗi. Kowace safiya ka sa yatsa a ƙasarta. In ta bushe ka ba ta ruwa, in da danshi ka ƙyale ta. Kana nan tsaye ka sha maganinka, ka sha ruwa kofi guda. In na dawo na same ta lafiya, na san kai ma kana lafiya, ka ci gaba da zamanka. In na same ta ba daidai ba, ba sai mun yi musu ba."

Kawu ya dubi shukar sama da ƙasa, irin duban da yake yi wa yadi mai arha.

"Wato kin kawo min mai gadi."

"Ka kira ta abin da ka ga dama."

Kawu ya sa wa shukar suna Sufeto. Da safe in na biyo zan tafi makarantar da nake koyarwa, sai in same shi durƙushe da yatsa a cikin ƙasa. "Malama," zai ce, "shigo ki shaida, Sufeto ta sha, ni ma na sha." Ya ɗaga kwalbar ya girgiza min.

Ban taɓa ganin Kawu ya yi abu a ranarsa ba sai a kan shukar nan. Ya ɗinka wa tukunyar riga daga ragowar yadi, har da maɓalli a baya don a riƙa cirewa ana wankewa. Ya ware wani ƙyalle mai laushi na goge ƙurar ganye, wanda in ka kuskura ka share hannunka da shi za ka ji abin da ba ka taɓa ji ba. Da ya lura tana karkata wajen taga, ransa ya ɓaci, don a ganinsa kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya. Sai ya shiga juya tukunyar kaɗan-kaɗan har ta miƙe. Yakan sa tef ya auna faɗin ganye kamar mai shirin yanka musu hannun riga. Direba ya taɓa yunƙurin juye mata ragowar shayinsa, yana cewa ai ita ma ta ɗanɗana. Kawu ya kore shi daga benci yini guda.

"A kan ciyawa," in ji Direba, yana tsaye a waje. "Abotar shekaru, a kan ciyawa."

"Ciyawar nan ita ke riƙe da rufin da kake fakewa," in ji Kawu. "In ta mutu sai ka nemi wani bencin."

Ko shukar ta ji daɗi ko ba ta ji ba, mu dai mun ga Kawu ya murmure. Kumatunsa suka dawo. Ƙarar kekensa ta koma yadda muka san ta tun muna yara. Har masu ɗinki suka fara samun kayansu a gobe ta uku ko ta huɗu, abin da ya sa wasu suka soma zargin ko lafiya.

Sannan sabon ganye ya fito. Ya fara ne a nannaɗe kamar an naɗe takarda, Kawu yana ta zagaye shi kwana da kwanaki kamar mai jiran haihuwa. Ranar da ya buɗe, na shigo na tarar da Kawu zaune a kan benci, tabarau a hannu, fuska ta faɗa.

"Malama, duba min. Ko idona ne?"

Ba idonsa ba ne. Ganyen yana da tsaga, doguwa, daga baki har kusan tsakiya.

Direba aka fara tuhuma, saboda makullan da yake yawo da su a yatsa ko da yake ba shi da mota. Ya rantse. Aka koma kan kyanwar mai shagon gefe, aka ga ba ta taɓa shigowa ba. Kawu ya bi kowane ganye sama da ƙasa yana neman tsutsa, bai samu ko ƙwai ba. Ya rage ruwa. Ya ƙara ruwa. Ya matsar da tukunyar daga taga, ya dawo da ita. Ganye na gaba ya buɗe da tsaga biyu da huda guda a tsakiya, zagayayya kamar an ƙona da dutsen guga.

Na ce, "Kawu, ka kira Yaya mana ka tambaye ta."

"In ce mata me? Zo da mota ki kwashe ni?"

Ni ma ban san komai a kan shukar ba, a ganina ciwo ne ya kama ta. Haka muka zauna mu uku muna kallon ganye kamar masu zaman jinya.

Bayan 'yan kwanaki na biyo da yamma, na ga an sakaya ƙofar shago, abin da ba a yi sai in Kawu ba ya nan. Na tura. Yana zaune a kan ƙaramar kujera, ya jawo tukunyar tsakanin gwiwoyinsa, ya ɗora ganyen a tafin hannunsa na hagu. A hannun dama allura ce, siririya kamar gashi, da koren zare.

"Kawu!"

"Rufe ƙofa. Iska na motsa min aiki."

"Ganye kake ɗinkewa?"

"Yaga nake ɗinkewa," ya ce, bai ɗago ba. "Ina ruwan allura da abin da ya yage?"

Na rufe ƙofar, na matso kusa. Ya bi shaguna ya zaɓo zare kala-kala na kore, ya jera su a kan tebur, yana kara kowanne da ganyen a hasken taga har ya samu wanda ya ɓace a jiki. Ta ƙasan ganyen yake shiga, ya kamo bakin tsagar kaɗan, ya haɗa, ba ya ja da ƙarfi. Yana yi yana riƙe numfashi. Da ya gama ya saki ganyen, wallahi sai da na sunkuya kafin na ga wurin.

Matsalar ita ce ganye ba yadi ba ne. Bayan kwanaki, duk inda allura ta bi sai ya yi ɗigo mai launin ruwan ƙasa. Kawu ya warware, ya nemo allurar da ta fi waccan siranta, ya rage yawan ɗinkin, ya koma zaren siliki. Ganyayen da suka ƙi jin magana ya juya su wajen bango. Ita kuwa Sufeto kamar da gayya take yi: yana rufe wannan, tana buɗe sabo, kowanne ya fi na baya faɗi, ya fi shi tsaga. Kayan mutane suka koma kan ƙusoshinsu. Wata mata ta zo karɓar rigar da za ta sa a bikin ƙanwarta, ya ce yana da aikin gaggawa a hannu. Ta leƙa ta ga babu komai a kan keke, ta tafi tana mita.

Direba ya ba da shawarar a sayo wata shukar irinta a musanya. Kawu ya dube shi da mamaki na gaske.

"In yi wa 'yata ƙarya?"

"To wannan da kake yi fa?"

"Wannan gyara ne."

Maganinsa dai bai fasa sha ba. Yana cewa in Sufeto za ta kai ƙararsa, kada ta samu laifi biyu.

Yaya ta dawo ranar wata Asabar da hantsi. Ta shigo da babban akwati tana ja, kuma daga yadda yake tsalle a kan dakali kowa ya san babu komai a ciki. Kawu ya ga akwatin, ya yi kamar bai gani ba. Ya sa rigarsa mai kyau, ya goge kowane ganye har yana ɗaukar ido. Ni da Direba muna kan benci, mun takure kamar ɗaliban da ba su yi aikin gida ba.

Bayan gaisuwa ta nufi taga. Shukar ta kusa ninka tsayinta, ganyayenta lafiyayyu, babu yaga ko ɗaya. Kawu ya harɗe hannu a baya yana jiran yabo. Sai muka ga fuskar Yaya tana sauyawa.

"Baba, ba ka kula da ita ba."

"Ni?"

"Ta yi tsawo, na gani. Amma ba ta ji daɗi ba." Muryarta ta yi ƙasa, babu faɗa a ciki, kuma hakan ya fi faɗan ciwo. "Mai fulawar da na saya a wurinsa ya gaya min. Irin wannan shukar, in tana samun ruwa a kan kari da haske yadda ya kamata, sababbin ganyenta tsagewa suke yi, su yi huda-huda. Haka halittarta take. Shi ya sa na zaɓe ta. Na san ka, Baba. Ruwa kana iya zuba shi ranar da zan zo, kamar yadda kake ɗinka rigar mutum yana tsaye a ƙofa. Tsaga kuwa ba a yin ta a safiya guda. Ga shi ko ɗaya babu."

Direba ya yi wani sauti a maƙogwaro, na taka masa ƙafa. Kawu ya laluba bayansa ya zauna a kujerar keke. Na ga bakinsa yana motsi, amma ta ina zai fara? Mutumin da ya yi watanni yana ɓoye shaidar da za ta wanke shi, da hannunsa, da zare mafi tsada a kasuwa.

"Ba laifinka ba ne," in ji Yaya. "Abin ya yi maka yawa kai kaɗai, shi ke nan." Ta kai hannu ta shafa babban ganyen, irin shafar da ake yi wa mara lafiya. Sai yatsunta suka tsaya. Ta sake shafawa ta ƙasa. Ta juya ganyen, ta sunkuya, ta matso da shi wajen haske.

Ta daɗe a haka. Ta juya na biyu, ta juya na uku. Ta zagaya wajen bango ta ga waɗanda aka ɓoye, masu ɗigon ruwan ƙasa a jere.

"Na san wannan ɗinkin," ta ce a hankali. "Shi ne a gwiwar wandona na makaranta, ranar da na haura katanga. Ka ce kada in gaya wa Inna."

"Har ta bar duniya ba ta gane ba," in ji Kawu.

"Ta gane. Ita ke wanki."

Nan dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har ta dafa teburin yanka, har hawaye suka zubo, kuma ban iya cewa ga inda dariyar ta ƙare kukan ya fara ba. Direba ya samu izini, ya saki tasa har da buga cinya. Kawu ya tsuke fuska yana kallon bango, amma murmushin da ke gefen bakinsa ya tona masa asiri.

"Wa ya zura maka zare a wannan allurar?" ta tambaya tana share ido.

"Wa zai zura min? Wannan?" Ya nuna Direba da haɓa. "Wannan ko igiya ba zai zura a taga ba."

Ta ɗauki kwalbar magani ta girgiza. Saura 'yan ƙwayoyi a ƙasa, daidai yadda ya kamata. Ta ajiye. Sannan ta ɗauko ƙaramin almakashinsa ta miƙa masa, ta riƙe masa ganyen da hannu biyu.

"Warware, Baba."

Ya sa tabarau. Bai so ba, na gani a hannunsa, don a rayuwarsa bai taɓa farke ɗinki mai kyau ba. Ya tsinke zaren farko, ya zare shi a hankali. Tsagar ta buɗe, ta biyu ta biyo, sai hudar tsakiya. Hasken taga ya ratso ta cikinsu ya zuba a kan siminti. Kawu ya karkata kai yana kallo.

"Wai haka ake so?"

"Haka ake so."

"Kamar rigar mahaukaci."

"Ka saba da labulen Inna, za ka saba da wannan."

Ya dubi labulen, ya dubi ganyen, ya ci gaba da tsinke zare.

Da la'asar ta miƙe za ta tafi. Ba ta ce ya zauna ba, shi ma bai tambaya ba. Ta dai kama hannun akwatinta ta juya wajen ƙofa. A nan idon Kawu ya sauka a kansa, ya tsaya cak, irin tsayawar da duk muka sani.

"Likita, ɗan dakata. Zik ɗin nan ya fara ɓallewa daga gefe."

"Ba komai, Baba, ai babu kaya a ciki."

"Ajiye shi nan."

Ta dube shi, ta saki hannun akwatin. Ya jawo shi ya tura ƙarƙashin teburin yanka, can ciki, bayan buhun ƙyallaye.

"Yaushe zan zo in karɓa?"

"Gobe da safe," in ji Kawu.

Washegari ta zo. Ta sha shayi, ta sa yatsa a ƙasar Sufeto, ta tafi aiki. Ya ce mata saura kaɗan. Har yau akwatin yana ƙarƙashin tebur, kuma har yau tana zuwa karɓa.